Wata Yarinya a Gidanmu

Duk Bahaushen da ya zauna a Deira cikin shekarun nan ya san Malam Ɗalhatu Ringim, ko da a ido ne. Dogo ne siriri, furfura ta fara masa ta gefen kunne, ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana. Shekara goma sha huɗu ya yi yana koyar da Turanci a wata sakandare a Kano, kafin ya ajiye alli ya taho Dubai. Wani kamfanin jigilar kaya da ke Port Saeed ne ya ɗauke shi, aka ba shi aikin tarbar manyan baƙi: ya ɗauko su daga filin jirgi, ya kai su masauki, ya kai su taro, ya zauna ya jira. A takarda sunan aikin yana da tsawo. A baki, direba ake cewa.

Yana zaune a Al Buteen, a hawa na uku, tagar falonsu tana kallon bakin ruwa inda jiragen katako ke jere. Matarsa Sauda tana raka fataken Kano da na Damagaram cikin lungunan Naif, tana nuna musu inda jaka da takalmi suka fi sauƙi. 'Ya'yansu biyu, duka mata. Ƙaramar sunanta Jummai, kuma sau ashirin zai kira ta a yini bai gaji ba. Babbar sunanta Hafsa, amma ba daga bakinsa mutum zai ji haka ba.

Ita ce ta fari, shi kuwa tarbiyyar Ringim ce a jikinsa. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "ita wannan". In zai yi mata magana sai ya bi ta kan uwarta, ko da tana tsaye a gabansa. Ranar da ya kai ta makaranta, shugabar makarantar, wata Ba'indiya, ta tambaye shi sunan ɗalibar. Ya tura mata fasfo a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan layin. Ita Sauda tun shekararsu ta farko a Dubai ta yar da wannan kunya. Ta ce a garin da yaro zai ɓace cikin kanti mai hawa biyar, ba za ta tsaya tana kiran "ke wannan" ba. Shi bai yar ba. Shi ne dai mai tashi ya goge mata takalmin makaranta, shi ne mai duba mata kowane darasi da jan biro, amma ko Sauda "Maman Jummai" yake ce mata.

A ƙarshen 2016 aka ce masa akwai babbar baƙuwa daga Ingila da kamfani ya sa cikin masu ba shi shawara, za ta riƙa zuwa sau uku a shekara, kuma shi zai riƙa ɗaukar ta. A ofis ba wanda ya damu da sunanta. Barones kowa ke cewa, wato sarautar da aka naɗa mata.

Ɗalhatu mai karance-karance ne, ya bi tarihinta tun kafin jirginta ya sauka. 'Yar wani likitan dabbobi ce a ƙauye. Ta yi kansila shekara goma a jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya. Sau biyu ta nemi kujerar majalisar wakilai, sau biyu mutanen garinsu suka ce a'a. Sai ta koma shirya wa jam'iyya liyafa, tana zaunar da masu hannu da shuni kusa da waɗanda suke son zama kusa da su. A shekarar da Ingila ta kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai aka naɗa ta majalisar dattawa, inda ba a zaɓen mutum kuma ba a sauke shi. Abin da jama'a suka hana ta sau biyu, sa hannu ɗaya ya ba ta.

Mace ce mai tsabta, mai ƙaramar murya, ba ta taɓa yi masa tsawa ba. Ba ta kuma taɓa gwada faɗin sunansa ba. Ta duba katin da ke ƙirjinsa, ta yanke masa "Dal", shi ke nan. Tana zama a baya da wani ɗan littafi mai koren bango, tana tambaya. Mata nawa gare ka, Dal? Matarka tana tuƙi? Me ya sa mutanenku suke son zuwa ƙasarmu? Shi kuwa tsohon malami ne da ya daɗe bai sami aji ba. Ya riƙa ba ta amsa dalla-dalla da Turancinsa na littafi, yana jin daɗi in ya ga ta rubuta.

Musah, mutumin zangon Kumasi da ke riƙe da makullan ofis, shi ne bai yarda da littafin ba.

"Malam, uwar ɗakinka ta sauka? Yau me za ka karantar?"

"Matar tana son ilmi, Musah."

"Ilmi! Wallahi ba tambaya take ba, tsinta take. Ka taɓa gani ta tambaye ka ko ka ci abinci?"

Ɗalhatu ya yi murmushi kawai. A wayarsa har zaman majalisar tasu yake kallo, jajayen kujeru da tsofaffi masu gyangyaɗi, yana jiran ta miƙe. In ta yi magana a kan tsaurara biza ga baƙi, sai ya ce siyasa ce, kowa da abin da yake ci da shi.

A 2018 Hafsa ta gama sakandare, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Injiniyan ruwa take son karantawa. Wata jami'a a Ingila ta ba ta guri, amma abin da ake nema ya fi ƙarfin albashin direba nesa ba kusa ba. Kowa a gidan kuwa ya san Barones ce shugabar wani asusu da ke ɗaukar nauyin karatun 'yan mata goma duk shekara.

"Malam, ka buɗe baki ka roƙe ta," in ji Sauda. "Baturiya ce fa, ba Hakimin Ringim ba."

"Ba a tsare babban mutum da roƙo, Maman Jummai. Labari ake ba shi. In ya ga dama ya ɗauka. In bai ga dama ba, kowa ya tashi da mutuncinsa."

"To ka yi ta ba da labari har yarinya ta tsufa a falo."

Haka ya yi. Zuwanta na gaba ya tarbe ta da dambun naman da Sauda ta kwana biyu tana yi, a cikin kwano mai murfi. Da suka hau titi ya gyara murya, ya ce akwai wata yarinya a gidansu mai ƙoƙarin lissafi ƙwarai. Barones ta ce madalla, ta ci gaba da duba wayarta. Washegari da ya je ɗaukar ta, ya ga kwanon a teburin masu tsaron ƙofar otal, an ci rabi. Bai gaya wa Sauda ba.

Zuwa na biyu ya ce yarinyar nan ta gidansu ta sami guri a jami'ar Ingila, sai dai hanya ce ba ta buɗe ba. Barones ta ce jami'o'insu suna da kyau, duniya ta sani.

Zuwa na uku, a watan Janairun 2019, Musah yana gaba riƙe da kwalayen tsarabar da kamfani ya ba ta. Ɗalhatu ya sake ɗauko zancen. Wannan karon ta ɗago kai.

"Wai wace ce yarinyar nan, Dal? 'Yar aikinku ce?"

Ɗalhatu ya kafe titi da ido.

"Yaya sunanta?"

Ya ɗan sunkuyar da kai, ya yi murmushin da ake yi a Ringim in an zo irin wannan wuri. Musah ya ga shirun ya yi tsawo, ya juya baya.

"Madam, 'yarsa ce. Ta fari. Ba ya faɗin sunanta."

"Ko sau ɗaya?"

"Tun da aka haife ta," in ji Musah, yana ɗaga murya kamar mai yi wa abokinsa kirari. Shi a ganinsa yabo ya yi.

Barones ta buɗe koren littafin. Ta daɗe tana rubutu, har suka wuce gada. Da za ta fita ta ce, "Ta cika takarda ta aiko ofishina." Ranar Ɗalhatu ya saya wa Musah shayi da biredi, ya koma gida ya ce wa Sauda, "Kin gani? Ta ɗauka."

A watan Maris saƙo ya zo daga ofishinta cewa za ta yi jawabi a majalisa kan ilmin mata, kuma za ta ambaci wani abokinta na Dubai. Lokacin ya faɗo bayan la'asar a agogon Dubai. Sauda ta soya fanke, aka kira Musah, Hafsa ta ɗora kwamfutarta a kan tebur. Ɗalhatu ya zauna kusa da matarsa don ya riƙa mayar mata da Hausa, jimla bayan jimla, kamar yadda ya saba.

Barones ta miƙe cikin shuɗiyar riga.

"Ta ce, a yankin Gulf, wato ƙasashen Larabawan nan, ta san wani mutum, mai ilmi, tsohon malamin makaranta," in ji Ɗalhatu, yana gyara zama. "Ta ce mutum ne mai ladabi, wanda za ka ba shi amanar gidanka. Ta ce yana da 'ya mai hazaƙa. Ta ce shekara goma sha takwas..."

Ya tsaya.

"Shekara goma sha takwas me?" in ji Sauda.

Muryar tana ta fita daga kwamfuta, a hankali, ba gargada. Hafsa ce ta ƙarasa, ba ta kalli kowa ba.

"Ta ce shekara goma sha takwas bai taɓa iya furta sunanta ba, don an haife ta mace. Ta ce a gabanta ya kira ta wata yarinya, kamar kayan ɗaki. Ta ce ita wannan yarinyar za a cece ta. Amma irin waɗannan maza masu ladabi, su ne ya kamata a duba da kyau kafin a buɗe musu ƙofar Ingila."

Aka ji tsofaffin suna gunagunin amincewa. Musah ya ajiye fanken da ke hannunsa.

"Dambuna ta ci ta faɗi wannan?" in ji Sauda. "Allah ya isa! Mutumin da yake goge wa yarinya takalmi? La'ananniyar tsohuwa mai fuska kamar an wanke allo!"

"Maman Jummai."

"Kada ka ce mini Maman Jummai! Na ce ka roƙe ta da baki, ka ce labari. Ga labari nan ta ba duniya!"

Musah ya miƙe yana cewa shi ne ya jawo, a yafe masa. Ɗalhatu ya ce ba shi ba ne, ya zauna ya ƙarasa shayinsa. Shi da kansa ya rufe kwamfutar, a hankali, kamar mai rufe ƙofar ɗakin mara lafiya.

Ba ta faɗi sunansa ba. Amma tsofaffin malaman Turanci nawa ne ke tuƙa baƙi a Port Saeed? Cikin kwana uku wani ya yanko wurin, ya rubuta fassara a ƙasa, ya watsa a wayoyin Hausawan Deira. A gidan abincin da yake cin tuwo a Naif, wani ɗan kasuwa mai suna Ɗantani ya tare shi da ƙarfi don kowa ya ji.

"Malam Ɗalhatu na majalisa! Mu ko kansilan unguwarmu bai san mu ba, kai har Landan. Habibi, abokina, ka koya mana yadda ake yi!"

Aka yi dariya. Wasu kuma ba su yi ba, kuma nasu ya fi ciwo, don su kallon tausayi suka yi masa. Wata Hajiya da Sauda ta shekara biyar tana rakawa kasuwa ta ja ta gefe, ta tambaye ta ko dai yana dukansu ne a gida.

A Ingila kuwa jawabin ya karɓu. Jaridu biyu suka yabe ta. Kafin rani ya fita an matso da ita kujerun gaba, ta zama mai magana da yawun jam'iyyarta a majalisar kan harkar mata da baƙi. Ɗalhatu ya daina kallon zaman, amma labarin yana iso shi, don akwai masu son su ga fuskarsa in ya ji.

Sai takarda ta zo. Hafsa tana cikin 'yan mata goma sha biyu da suka kai zagayen ƙarshe. Za a yi taro a wani otal a Dubai a watan Nuwamba, a nan za a bayyana goman da aka ɗauka.

Shi ya je filin jirgi ɗauko Barones, don aikinsa ne. Ya buɗe mata ƙofa, ya sa jakarta a but. Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Na ga fuskarka ba kamar da ba, Dal. Ina fata ba ka ji haushi ba. Ban faɗi sunanka ba."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Ba ki faɗa ba."

Ya bari suka wuce danja ɗaya, sa'an nan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi wa babba bayanin da ba a tambaye shi ba.

"A wurinmu ba don mace ba ne. Ɗan fari ne, mace ko namiji. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya rasu, kuma shi ya bar wa gonarsa ta fadama. Wanda ya fi nauyi a zuciya, shi ake jin kunyar nunawa."

"Kowace al'ada tana da bayani mai daɗi, Dal. Na ji su da yawa. Ni sakamako nake dubawa."

"Sakamakon, ita ta zo ta ɗaya a ajinsu."

"Duk da haka ta zo. Shi ya sa nake alfahari da ita."

Ta buɗe jaka ta miƙo masa wani ɗan farin kati ta gefen kujera. Ta ce masu ba asusun gudummawa suna son su ga canji da idonsu, ba a takarda ba. Za a ɗauki hoton bidiyo. Abin da ake so ɗan kaɗan ne: ya hau dandamali, ya karanta abin da ke jikin katin, ya kira 'yarsa da sunanta a gaban jama'a.

"In ban hau ba fa?"

Ta juya tana kallon dogayen gine-gine ta taga.

"Ba ni kaɗai ke zaɓe ba. Su goma sha biyu ne, guri goma. Kowace tana da maki mai kyau. Ba kowace ke da labari ba."

A gida ya ajiye katin a kan tebur bayan an ci abincin rana. Hafsa ce ta ɗauka ta karanta wa uwarta. Layi uku ne. Shekara goma sha tara ina kan kuskure. Yau na gane darajar 'ya mace. Wannan 'yata ce, sunanta... sai aka bar fili.

"Ba na so," in ji Hafsa. "Na fasa. In koma Kano in yi karatuna, akwai jami'a a can."

"Maman Jummai, gaya mata ba da ita ake shawara ba."

"Ga ni a tsaye, Baba! Ƙarya ta yi maka a gaban duniya, yanzu kuma kai za ka hau ka ce gaskiya ta faɗa? Kowa ya gani, har Ringim? Ba zan taka bayanka in hau jirgi ba."

"Gaya mata bayan nawa ne."

"Ni za a sayar, ni kuma ba ni da baki?"

Ya juya yana kallon jiragen katakon da ke ƙasa.

"Gaya mata ba ita ce hajar ba."

Sauda ta ce ita ba za ta sa baki ba, sa'an nan ta sa. Ta zagi Barones tun daga gashinta har takalminta, ta ce da za ta same ta a lungun Naif da ta nuna mata darajar 'ya mace. Da ta gama ta share ido, ta ce amma guri guri ne, kuma ba kullum yake zuwa ba. Hafsa ta shiga ɗaki ta turo ƙofa da ƙarfi. A gidan ba a taɓa jin wannan ƙara ba.

Ranar taron ya sa farar babbar rigarsa ta sallah. Liyafar rana ce, zauren ya yi sanyi kamar firji, tebura zagaye da Turawa da Larabawa da Indiyawa masu kwat. Barones ta yi jawabi. Ta sake ba da labarin, wannan karon da murmushi, ta ce amma yau labarin zai canza a gaban idonsu. Aka kira shi da Dal.

Ya hau a hankali. Hafsa tana tsaye a ɗaya gefen dandamalin, inda aka ce ta tsaya, an gaya mata in ya gama ta rugo ta rungume shi. Ya ɗaga katin. Akwai kuskuren nahawu a layi na biyu, idon malami ya gani, bai gyara ba. Ya karanta kamar yadda aka rubuta, kalma bayan kalma, da muryar da yake kiran rajista a aji. Da ya zo wurin filin ya tsaya. Mai ɗaukar hoto ya matso. Barones ta gyaɗa masa kai kamar yadda ake yi wa yaro mai koyon tafiya.

"Hafsatu," in ji shi.

Sunan ya fita ta lasifika ya cika zauren, ya dawo masa kamar sunan 'yar wani. Aka tashi ana tafi. Wata Baturiya a tebur na gaba tana share hawaye.

Hafsa ba ta rugo ba. Ta tako a hankali, da ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye, kamar yadda take gaishe shi kowace safiya, ta ƙi tashi. Tafin ya fara raguwa, don ba wanda ya san ko wannan yana cikin shiri. Barones ta zo ta kama ta a damtse ta ɗaga ta, tana murmushi wajen mai hoto. Da bidiyon ya fito an yanke wurin. Daga sunan sai tafi.

Sunanta ne na huɗu cikin goman.

Shi ya mayar da Barones filin jirgi washegari. A hanya ta ce, "Ka gani, Dal? Bai yi zafi ba." Ya tsayar da mota, ya fito ya buɗe mata ƙofa, ya ce, "Mun iso, ranki ya daɗe." Cikin makon ya nemi a ɗauke shi daga tarbar baƙi a mayar da shi bakin ruwa, wurin duba lodin jiragen katako, inda ba inuwa sai ta kwalaye. Manaja ya tambaye shi ko ya san zafin wurin a watan Yuli. Ya ce ya sani.

Wata huɗu Hafsa ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa. Bidiyon ya kai Ringim kamar yadda ta faɗa. Yayansa ya bugo waya, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ce Allah ya sa a gama lafiya. Ɗantani ya daina tsokanar sa, kuma ba don ya ga girmansa ba.

Sai annoba ta zo ta rufe duniya. Hafsa ta yi shekararta ta farko ta jami'ar Ingila a kan teburin falon Al Buteen, da abin ji a kunne. A wannan shekarar aka ba Barones ƙaramar minista. An ce an nuna bidiyon a taron jam'iyyarsu, an kuma yi tafi. Ɗalhatu yana dawowa daga bakin ruwa da gishirin zufa a riga, ya tarar da yarinyar tana zana bututu da madatsa, ya wuce a hankali don kada ya shiga hoton ajinsu. Wata rana ya tarar an ajiye masa ruwan sanyi a inda yake zama. Bai tambayi wanda ya ajiye ba.

A watan Satumban 2021 ta tafi. A filin jirgi ya tsaya nesa kaɗan, yana duba ko an ɗaure jakar da kyau.

Bayan wata guda aka buɗe babban baje kolin Dubai, manyan baƙi suka yi ta sauka. Musah ya gangaro bakin ruwa da tsakar rana, yana kare fuska da jarida.

"Malam, uwar ɗakinka ta zo. Minista guda. Ta ce a kawo mata Dal, ba ta son wani direba."

Ɗalhatu yana duba wasu firji da ake ɗorawa a jirgi. Bai ɗago ba.

"Ka duba mata a takardar ma'aikata. In akwai mai wannan suna, a kai mata."

"Haka zan ce?"

"Yalla, je ka, Musah. Rana tana dukan ka."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suna cin abinci, wayar Sauda ta yi ƙara. Hafsa ce, fuskarta ta cika gilashin, bayanta taga da ruwan sama. Ta ba uwarta labarin ɗakinta, da wata 'yar Sudan da suke girki tare, da yadda rana ke faɗuwa tun ba a gama la'asar ba. Jummai ta ƙwace wayar, aka ƙwace daga hannunta. Sauda ta juya ta wajen mijinta, ta riƙe a gabansa.

Ya dubi kwanonsa. Ya gyara hula.

"Maman Jummai, tambaye ta ko yarinyar nan ta sayi rigar sanyi."



"Mama," in ji Hafsa, "ki ce masa yarinyar nan ta saya."